Zamiyar Mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ran hawan salla ya san abin da ake kira zamiya. Mahayi ya sako doki da sukuwa tun daga nesa, har mutanen gaba su fara ja da baya, sa'an nan ya ɗauke linzami gaba ɗaya, doki ya tattara ƙafafunsa na baya ya ja su a ƙasa, ƙura ta murtuke, ya tsaya cik a gaban Sarki, mahayi ya yi jinjina. Sakin doki ya yi ta gudu ba wuya, ko yaro ya iya. Wanda ake yi wa guɗa shi ne wanda ya sa dabba mai ƙarfi haka ta zame, ta kuma tsaya daidai inda ya nufa, ba gaba ba baya.

To, akwai wani wasa mai kama da wannan da ake yi da mota. Masu yinsa suna ce da shi dirif, ni kuwa ban ga sunan da ya dace da shi a Hausa kamar zamiya ba. Ga yadda yake. Direba ya nufo kwana da gudu, da gangan ya sa ƙafafun motar na baya su saki kwalta, gindinta ya fita waje, hancinta yana duban cikin kwana. Haka za ta yi ta tafiya a karkace, tayoyin baya suna hayaƙi, har ta gama wannan kwana ta faɗa wata, ba ta miƙe ba, ba ta kuwa juye ba. Ba a duban wanda ya riga isa. Alƙalai ne ke zaune a bisa suna ba da maki.

Asalin wasan daga ƙasar Japan yake. Akwai wani mutum, Kunimitsu Takahashi, wanda ya fara da tseren babur, har a 1961 ya zama mutumin Japan na farko da ya ci babban tseren babur na duniya. Bayan ya yi mummunan haɗari a 1962 sai ya koma tseren mota, ya riƙa shan kwana a karkace don kada gudunsa ya ragu. Samari suka gani suka yi sha'awa, suka riƙa fita da dare suna kwaikwayonsa a hanyoyin kan duwatsu. Cikinsu aka sami Keiichi Tsuchiya, wanda a 1987 aka ɗauke shi a bidiyo yana wannan aiki da wata 'yar ƙaramar Toyota, ƙirar AE86, a kan hanyar jama'a. Sunansa ya fita, amma aka dakatar da lasisinsa na tsere na ɗan lokaci. Shi ne daga baya ya sa hannu aka kafa gasar D1 Grand Prix, wadda ta kankama a 2001, da fili da alƙalai da dokoki. Amurka ta kafa tata, Formula Drift, a 2004. Mai karatu ya lura, can ma a titi aka fara, can ma sai da aka tsawata.

Kowa ya san wasan motar da samarinmu ke yi ran ɗaurin aure. A tare titi, yara su yi da'ira, wasu su zauna a bakin taga, direba ya yi ta juyi yana ƙona taya, ba abin da ke tsakanin mota da 'yan kallo sai ikon Allah. An yi asarar rayuka ta wannan hanya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Autanmu yana cikin masu yi, har ya yi suna. Mahaifinmu ya rasu yana goye, ni na riƙe shi, saboda haka duk abin da ya yi a gari ni ake kawo wa ƙara. Na yi faɗa, na yi nasiha, na sa limamin unguwa ya yi masa, duk kamar ana zuba ruwa a kwando. Ana nan sai wata Asabar, a wani biki a unguwarmu a Kaduna, mota ta ƙwace wa wani abokinsa, ta haye yaron maƙwabcinmu ta karya masa ƙafa biyu. Ba Auta ke tuƙi ba, amma yana wurin, shi ke bi in an gama.

Daren nan Inna ta aika a kira ni. Ta kau da fuska, kamar yadda uwa kan yi da ɗan fari, ta ce, "Ko a raba shi da motar nan, ko a san yadda za a yi da shi. Ni dai ba ni zama ina jiran a aiko mini."

Na kwana ina tunani. In na sayar da motar zai ari ta wani, wadda ban san lafiyar birkinta ba. Na kuwa ji labari ana shirin irin wannan gasa a wani killataccen fili a Abuja, Asabar da Lahadi, da alƙalai da motar asibiti. Da gari ya waye na kira shi na ce, "Auta, tun da ka ce ka iya, za mu tafi inda ake auna iyawa. Amma da sharaɗi uku. Makulli yana hannuna, ba ka karɓa sai a fili. Ba ka sake juya mota a titi, ko taka ko ta wani. Kuɗin gyara mu raba biyu, ni ke riƙe littafi." Ya ce, "Yaya, in na ci fa?" Na ce, "Ko ka ci ko ka faɗi, sharaɗi yana nan." Ya miƙo makulli. Saura mako shida a lokacin.

Ba kowace mota ke yin zamiya ba. Yawancin ƙananan motocin da ke kan hanya yanzu da ƙafafun gaba suke ja, na baya binsu kawai suke yi, kamar amalanke. Irin waɗannan in gindinsu ya fita, da an taka totur sai gaba ya jawo su su miƙe. Wadda ake bukata ita ce mai turi da ƙafafun baya, irin Fijo 504 da aka daɗe ana haɗawa a nan Kaduna, mai giyar hannu da kuloci. Ta Auta BMW ce, ƙirar E36, wadda aka yi daga 1990 zuwa 2000. Injinta silinda shida ne a jere, lita 2.5, ƙarfin doki wajen 190 ran da ta fito daga ma'aikata, nauyinta kuma ya kusa rabuwa daidai tsakanin gaba da baya. Ta girmi mai ita.

Muka kai ta wurin wani tsohon bakanike a wajen Panteka, wanda ya yi wa mahaifinmu gyara. Da ya ji abin da ke tafe da mu sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Malam, shekara arba'in ina gyara mota don kada ta zame, yau kun zo in gyara ta don ta zame." Ya shiga ƙarƙashinta da fitila, ya daɗe bai fito ba. Auta yana ta lissafa masa abubuwan da yake so, fenti da salansa mai ƙara da fiffike a baya. Tsohon ya fito ya goge hannu, ya ce ba ya taɓa ko ɗaya sai an sake robobin ƙafa duka, da gaɓoɓin sitiyari, da shokozoba, da bututun birki, domin motar da ƙafarta ke rawa ba ta jin umurnin kowa. Mako biyu cur suka tafi a kan abubuwan da ɗan kallo ba zai taɓa gani ba, su ne kuwa suka fi cin shafi a littafina.

Sa'an nan aka zo kan babban aiki. Tsakanin ƙafafun baya akwai wani tulun ƙarfe cike da haƙora da mai, makanikai suna kiransa difarensha. In mota tana shan kwana, tafiyar ƙafar waje ta fi ta ciki tsawo, kamar yadda in 'yan makaranta suka jeru suna juyawa a fareti, na bakin waje sai ya ƙara sauri, na ciki kuwa ya yi ta taka wuri ɗaya. Haƙoran nan su ke barin kowace ƙafa ta juya gwargwadon tafiyarta. Amma suna da wani hali: in ƙafa ɗaya ta saki ƙasa, sai ta yi ta juyawa a banza, ɗayar tana zaune. Duk wanda motarsa ta taɓa kafewa a taɓo ya ga wannan. Mai zamiya yana so ƙafafun biyu su juya tare. Masu kuɗi sukan sayi wani irin difarensha mai kama kansa in ƙafa ɗaya ta fara zamewa. Irinmu kuwa sai mai walda. Aka sauke tulun, aka wanke shi tas, aka liƙe ƙananan haƙoran ciki suka zama dunƙule ɗaya, aka sake wankewa don kada ɓurɓushin ƙarfe ya saura, aka zuba sabon mai. Tun daga ranar motar ta bar zama ta zuwa kasuwa. In ana juya ta a hankali a gareji sai ka ji tayar ciki tana ƙara tana tsalle, kamar akuyar da ake ja ba ta so.

Na biyu sitiyari. Dubi kusurwar wannan littafi da ke hannunka, ita ce digiri 90. Ƙafafun gaba na motar gida, in an murɗa sitiyari har ƙarshe, ba su kai rabin wannan ba. Mai zamiya kuwa, in kwana ta hagu ce gindin mota ya fita dama, sai ya juya ƙafafun gaba dama su ma, watau wajen da motar ke zamewa. Wannan shi ne sirrin abin duka, shi ne kuma abin da hankali ba ya saurin yarda da shi. In motar ta karkace fiye da yadda ƙafafun gaba za su iya bi, sai ta juye. Manyan motocin gasa suna kai digiri 60 ko fiye. Mu dai aka sa wasu 'yan ƙarafa a gaɓoɓin sitiyari, aka daddatse cikin bodi inda taya za ta goga, muka sami ɗan ƙari.

Aka dasa birkin hannu mai aiki da mai, da doguwar sanda a tsaye kusa da giya, wadda in an ja ta ƙafafun baya su kulle nan take. Aka sake lagireto, aka ƙara fanka, gama motar da ke tafiya a karkace iska ba ta bugun hancinta sosai, alhali inji yana ta kuka a giya ta biyu. Baƙin mai aka cika shi har alamar sama, domin a doguwar kwana yakan kwanta gefe ɗaya, famfo ya zuƙi iska. Aka kwashe kujerun baya da darduma da duk abin da ke da nauyi ba shi da aiki. Aka yi keji na bututun ƙarfe a ciki, aka ɗaura kujeru masu rungume mutum, da bel mai kama kafaɗu da ƙugu, da tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai. A kan hular kwano kaɗai muka yi gardama. Shi yana so ya ari ta wani ɗan acaɓa, ni kuwa na ce kan da na biya wa kuɗin makaranta shekara goma sha biyu ba ya shiga hular aro. Na sayi sabuwa daga aljihuna, ban sa a littafi ba.

Sai taya, wadda ita ce abincin wannan wasa. Na gaba tilas su zama masu kyau, don su ke riƙe da ran direba. Na baya kuwa ƙonewa za su yi, saboda haka gwanjo ake saya. Ga wani abu da zai amfani kowane mai mota. A jikin taya akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zobe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Da wannan na riƙa zaɓe a kasuwa, ina mai da waɗanda suka tsufa ko da zanensu bai goge ba, har mai shagon ya tambaye ni ko a kwastan nake aiki. Muka tara goma sha biyu. Motar gida akan ba tayarta iska awo 32 ko kusa da haka. Na bayan tamu sai aka kai su 45, domin taya mai tauri ba ta kama ƙasa sosai, injin da ba shi da ƙarfi ƙwarai ya fi samun sauƙin juya ta.

Har yau zuciyata ba ta kwanta da wannan ɓangare ba. Mutumin da ya saba ƙidayar kwabo a ofis, ya ga an mai da taya hayaƙi cikin minti goma, tilas ya ji wani abu. Amma na duba abin da masu doki ke kashewa a dawa da harawa da kayan ado saboda hawa biyu a shekara, na kuma duba kuɗin asibitin yaron maƙwabcinmu, sai na ci gaba da rubutu.

Ba a fafe gora ran tafiya. Ran Alhamis da dare aka gama kome, aka bi kowane noti da sifana, tsohon yana ɗiga masa fenti don a san an duba. Ran Jumma'a bayan an sauko muka ɗora motar a bayan babbar mota, mu kuma muka bi a a-kori-kura da tayoyi da jak da jarkokin mai, ni da Auta da yaron gareji guda. Tsohon ya ce ba ya zuwa, ba zai iya kallon ana wulakanta aikinsa ba, amma kafin mu kai Abuja ya bugo waya sau uku.

Filin shimfiɗar kwalta ce mai faɗi, an kewaye ta da tubalan kankare da tsofaffin tayoyi, 'yan kallo suna can bayan shinge. Ƙarfe takwas na safe ran Asabar aka fara duba motoci. Mai dubawa ya girgiza batir ya ga ko a ɗaure yake, ya leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai, ya jijjiga kujera. Motoci goma sha bakwai suka zo, ya mai da uku. Sa'an nan babban alƙali ya tara direbobi ya zagaya da su a ƙasa, ni ma na bi. Kwana uku ce, ta farko doguwa zuwa hagu, sai ta dama, sai wata matsattsiya ta hagu. A ciki an kafa 'yan sanduna na roba inda ake so hancin mota ya wuce dab da su, a waje kuma an shafa fenti a bakin kankare inda ake so gindinta ya share. Maki 100 ne, alƙalai uku. Ɗaya yana duban hanyar da mota ta bi, ɗaya yawan karkatarta, na uku kuwa yadda aka yi abin, ko da ƙarfin zuciya da laushin hannu, ko da ɗari-ɗari da gyare-gyare. Wanda ya juye, ko ya miƙe a tsakiya, ba shi da ko ɗaya. Na dubi fuskar Auta a lokacin. Juyin nan da ake yi masa tafi a kansa a titi, shi ne a nan ake ba sifiri.

Da hantsi aka ba da lokacin gwaji, aka yarda direba ya ɗauki mutum ɗaya. Auta ya ce, "Yaya, zo ka ga inda kuɗinka ya shiga." Na ari hular wani direba, tun da ni kaina bai ci kuɗin makaranta kamar nasa ba. Ya tashi, ya sa giya ta biyu, ya nufi kwanar farko kamar ba ya ganinta. Da muka kusa sai ya ɗan kaɗa motar dama, ya fizgo ta hagu, ya taka kuloci ya saki farat ɗaya, ɗaya ƙafar tana kan totur. Na ji bayana ya nufi wani wuri dabam da gabana. Ya saki sitiyari yana juyawa da kansa a cikin tafinsa, sa'an nan ya cafke. Daga nan da ƙafa yake tuƙi: in ya ƙara totur gindi ya ƙara fita, in ya sassauta ya dawo. Abin da ya fi ba ni mamaki, ta tagar gefe nake ganin inda za mu. Hayaƙi ya cika motar, warin roba har maƙogwaro. Duka bai fi rabin minti ba. Da muka tsaya ya ce, "Yaya, salati nawa ka yi?" Na ce shi ne abu na farko a tafiyar nan da ban ƙidaya ba.

Bayan la'asar aka yi wasan neman shiga, kowa shi kaɗai, sau biyu, a ɗauki wanda ya fi. Takwas kaɗai za su kai Lahadi. Auta ya fito zagayen farko kamar ran biki, ya shiga da gudun da ya fi ƙarfin sitiyarinsa, motar ta karkace ta yi kyau ƙwarai, 'yan kallo suka ɗauki ihu, sai ta wuce iyaka ta juye a kwana ta biyu, ta tsaya tana duban inda ta fito. Ya dawo ya cire hula, hannunsa yana rawa. Ni na san abin da ke raina. In ya koma gida da sifiri biyu, abokansa za su ce masa fili na masu kuɗi ne, titi shi ne nasa, a ranar kuwa sharaɗi ba zai yi nauyin da yake da shi yau ba. Ban iya tuƙin nan ba balle in koya masa. Abin da na ce kawai shi ne, "Auta, mutum uku kake yi wa, ga su can a zaune. Sauran ba su da alƙalami."

Zagaye na biyu ya rage gudu kaɗan, ya ja birkin hannu a kwanar ƙarshe inda ta matse, ya wuce sandar farko da tazarar taki guda, ta biyu kuwa har ya kaɗa ta. Ba a yi ihu sosai ba. Aka ba shi 68, ya zo na shida.

Ran Lahadi wasan ya sake kama. Yanzu biyu-biyu ake fita, na ɗaya da na takwas, na biyu da na bakwai, haka har ƙasa. Ɗaya yana gaba ɗaya yana bi, sa'an nan su sauya. Na gaba aikinsa ya yi zagaye mai tsabta kamar shi kaɗai ne. Na baya aikinsa ya manne masa, ƙofa kusa da ƙofa, ya karkata in ya karkata, ya juya in ya juya, cikin hayaƙin da ba ya barin a ga kome, ba tare da ya buge shi ba. Wannan sai da amana. Kana zamewa da gudu kamu biyu daga mutumin da ba ka san sunan ubansa ba, ka dogara ba zai taka birki inda ba a takawa ba. In alƙalai suka kasa rabawa sai su ce a sake.

Auta ya fara da na uku, wani yaro mai mota irin tamu amma ta fi ƙarfi. Da Auta ke bi an bar shi a baya da tsawon mota uku, na ce shi ke nan. Da aka sauya, yaron ya matso ƙwarai yana so ya gama da shi, har tilas ya miƙe a kwana ta biyu don kada ya buge. Miƙewar nan ta kashe shi, muka shiga cikin huɗu. Muka sauya tayoyin baya da hanzari, wayoyin ƙarfe sun riga sun fito a jikinsu, ba su taɓuwa don zafi.

Na gaba shi ne wanda ya zo na biyu jiya, mutum mai furfura, sa'ana ko ya girme ni, da Nissan mai ƙofa biyu. Ban taɓa ganin tuƙi mai natsuwa irin nasa ba, ba ya gyara sitiyari sau biyu. Auta ya bi shi da kyau fiye da yadda ya yi da safe, har a kwanar ƙarshe suka jeru kamar an ɗaure su da igiya, alƙalai suka ce a sake. Aka sake. Wannan karon, a doguwar kwana, gindin motar Auta bai kai fentin bakin kankare ba, na dattijon kuwa ya share shi tun daga farko har ƙarshe. Alƙalai biyu suka nuna dattijon, ɗaya ya ce a sake. Aka fitar da mu. A neman na uku kuma lagireto ya tafasa tun a layi, tsohon ya ce ta waya kada a kuskura a ƙona masa inji saboda kofi, muka janye.

Dattijon ya tako har inda muke, ya ce wa Auta yana ɗauke ƙafa daga totur gaba ɗaya in zai sauya daga hagu zuwa dama, shi ya sa motar ke fizga. Ya ɗauki gorar ruwa ya nuna masa a kan bonet. Auta, wanda shekara biyar ban ga ya saurari kowa ba, ya tsaya yana ta cewa, "Na'am, Baba."

Da magariba ta gabato, abokansa da suka biyo mu daga Kaduna suka kewaye shi. Suka ce an yi masa rashin adalci, suka ce akwai wani shataletale a cikin gari inda ake taruwa da dare, ya zo ya nuna wa mutanen Abuja ko shi wane ne. Makulli yana hannunsa a lokacin, gama muna cikin fili. Ni ina zaune a bakin a-kori-kura ina haɗa lissafi, ban ɗaga kai ba, amma ko lamba ɗaya ba na gani a shafin. Na ji ya ce, "Yaya, taya nawa suka rage?" Na ce, "Biyu." Ya ce wa abokan, "Kun ji. Biyu ne, na gwajin gaba ne kuma." Ya jefo mini makulli a kan littafi, ya tafi alwala.

Mun iso gida ran Litinin da hantsi. Inna ba ta tambayi ko ya ci ba. Ta dube shi sama da ƙasa, ta sa ya ɗaga hannuwa, ya taka ya je ƙofa ya dawo, sa'an nan ta ce a dama masa fura. Da yamma muka mai da motar gareji. Tsohon ya zagaya ta sau biyu, ya ga inda bamba ta gogu, ya tsuke baki, ya buɗe bonet, ya ce lagireton nan ya yi ƙanƙanta, a nemo babba, a kuma buɗe masa hanyar iska ta ƙasa. Na tambayi kuɗi, ya faɗa, na rubuta a sabon shafi, rabi a ƙarƙashin sunan Auta, rabi a ƙarƙashin nawa.